Keken Kaka da Bangon Makau

Litinin, 10 ga Maris, 2008

Kwana talatin ɗina sun kusa cika, dole in fita daga Sin in sake shigowa a buga mini hatimi. An fara matsawa, wai saboda wasannin Olamfik. Hadi, maƙwabcina Badamagare mai safarar kekunan ɗinki, ya ce mu je Makau, tsohon garin Turawan Fotugal, ba nisa daga nan Gwanzu. Ni hatimi nake so, ba tarihi ba.

Barmo magini ya bugo daga Kano. Asabar zai rushe zauren gidanmu. Tayil ɗin da zan lulluɓe sabon gaban gidan da shi tuni ya isa. Yaya Balkissa har yau ba ta ɗaga wayata. Duk a kan bangon laka!

Talata, 11 ga Maris

Ta turo saƙo dai: "Har da keken Kaka?"

Kakanmu ne ya fara sayen keke a unguwa, don murna ya sa magina suka fitar da siffarsa da laka a jikin zaure, har da ƙararrawa. To sai me? Ni dillalin tayil guda, gidan ubana na zubar da ƙasa. Ban ba ta amsa ba.

Laraba, 12 ga Maris

Makau. An buga hatimi, alhamdu lillahi.

Gaskiya garin ya ba ni dariya. Dandalinsu duk ƙananan duwatsu ne baƙi da fari, an jera su suna lanƙwasa kamar saƙar tabarma, ba guda biyu masu girma ɗaya. Da a kwantenata na tarar da su, da na mayar wa kamfani. Ga wani dattijo a tsugune da 'yar guduma yana mayar da dutse ɗaya da ya fita. Na ce da Hadi, ni kwana uku in shafe wurin nan da tayil mai ƙyalli. Ya ce, "Alaji, ka bar mutane da kayansu."

Gidaje ruwan ɗorawa, tagogi korra, lunguna matsattsu irin na cikin birni. Fentin yana ɓarewa, ba wanda ya damu.

A wani lungu wata mata ta miƙo mini yankan nama ja, sak kilishi. Har na kai hannu, Hadi ya buge ni: "Alade ne, wallahi!" Muka yi ta dariya har matar ta taya mu.

Sai babban abin da kowa ya zo gani. Matakala, matakala, na hau ina haki, ga gini na dutse mai tsawo duk sassaƙa. Na shiga ƙofar, sai na gan ni a waje! Bango ɗaya ne tal. Wai majami'a ce, gobara ta cinye ta tun kafin a haifi Kaka, gaban kaɗai ya tsira. Sun tokare shi ta baya suna lallaɓa shi. Jama'a kuwa kamar ranar kasuwa, kowa da kyamara.

Wani tsoho ya ɗora tafinsa a kan dutsen ya daɗe bai ɗauke ba. Ban san me ya same ni ba. Sai na tuna yadda muke kama kan keken Kaka ni da Yaya, ita tana tuƙi, ni ina ƙararrawa da baki. Kewar gida ta kama ni sosai, na ce da Hadi iska ce ta shigar mini ido.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun dawo Gwanzu. Na je kamfanin da nake sari. Lawban, wato maigidan, ya fito da sabon samfuri yana washe baki: tayil da aka buga wa tsagewa da dabbare-dabbare don ya yi kama da tsohon bango. Wai shi Turawa ke rububi yanzu. Na tambaye shi ko akwai mai keke. Ya ce, "Meyo." Babu.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kasa cin abincin rana. Gobe Asabar.

Asabar, 15 ga Maris

Jiya da la'asar na ce da Barmo ya dakata. Ba fasawa na yi ba, damina ce ke tafe, kuma tayil ba ya ruɓewa. Ya ce ai damina da saura. Na ce ya ji da aikinsa.

Yau na buga wa Yaya, ƙara ɗaya ta ɗauka. Ba ta ce komai a kan zaure ba, sai tambayar ko ina cin abinci. Can da za mu yi sallama ta ce ƙararrawar ta ɓantare tun ruwan bara. Na ce a nemo tsohon magini mai hannu ya mayar da ita yadda take.

Don kar ta faɗo wa wani a ka ne kawai.