Yara Bakwai da Ban Rubuta Ba

Hajiya Baraka, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce daga Bukkuyum. Bara aka ɗauke ni horon shekara biyu na masu bin diddigin annoba, har walima Innata ta yi. Aikinmu na farko, aka tura mu ƙauyuka mu ƙirga yaran da gubar dalma ta kashe, tunda a tsakar gida ake daka dutsen zinariya. Inda mutuwa ta fi yawa, can za a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa.

Ƙauyen da ƙanwata Kulu take aure ya faɗo hannuna. Takardar tambayoyin da aka ba mu ta ce a tambayi uwa 'ya'ya nawa ta rasa. Na tambaya, na rubuta, ina jin kaina wata babbar likita. Hajiya, wace uwa ce a wajenmu za ta buɗi baki ta ambaci ɗanta na fari gaban baƙi, ko da ya rasu? Sunkuyar da kai suke yi su tsallake shi. Ni kaina 'yar fari ce, har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, amma abin ko a raina bai zo ba. Na kai rahoton yara tara. Daga baya ungozomar garin ta lissafa mini goma sha shida da yatsunta.

Ƙauyen ya koma can ƙasan jerin, har yau ba a je kwashe ƙasar ba. Wata biyu ke nan da na gane, na yi gum, don rahoton nan ne malaminmu ya yaba gaban kowa. Makon jiya ɗiyar Kulu ta fara jijjiga, yanzu ko uwarta ba ta ganewa. Ban cancanci horon nan ba, gara in ajiye in koma gida in ɓuya.

Mai Nadama, Bukkuyum

'Yata, Allah ya ba yarinyar nan lafiya. Ba ke kika zuba dalma a ƙasar ba, kuma wanda ya tsara takardar bai san kunyar ɗan fari ba. Amma ba zan rufe ki ba, shirun wata biyun nan ya fi kuskuren nauyi.

Ajiye horo ba zai kwashe ƙasa ko cikin tafin hannu ba. Ki koma wurin ungozoma da kakanni da limamin da ya sallaci yaran, ki rubuta kowa da sunansa, ki kai wa malaminku cikin makon nan. Ki gaya masa wataƙila haka ta faru a sauran ƙauyukan ma. Za ki sha faɗa, kuma ba ni da tabbacin za a bar ki a horon. Duk da haka ki je.

Kunya ce ta hana iyayen yaran nan bakwai faɗin sunayensu. Ke babu kunya tsakaninki da su, sai ki faɗa. Allah ya ƙarfafa zuciyarki.