Gawayin Murhuna

Daren Talata, Fammar

Rubuta min, Hajara, tunda ni ban iya ba, kuma kar ki rage komai. Yau jikata Bilki ta kai ni Rano, ɗakin da za ta buɗe na nuna zane-zanenta. Bango cike da fuskokin mutane, har da tawa, duk sun zuba min ido. Wai sunana za ta sa a allon ƙofa.

Gabana ya faɗi. Tun muna yara muke jin malamai na cewa wanda ya zana mutum, ranar ƙiyama za a ce ya busa masa rai. Na ce, "'Yar nan, ƙafata ɗaya a kabari. Ki rufa min asiri, ki cire sunana."

Ta yi dariya. "Haba tsohuwa, tsoro kamar farar kura! To, na cire. Gawayi zan sa wa wurin."

Na ce, "Gawayi kuma?"

"Kin manta? Da ina ƙarama, in na dame ki da kuka, gawayi kike ciro min a murhu, ki ce in je in ɓata bango."

Ban manta ba, Hajara. Sunana ya fita daga allo, amma Allah ya san hannun da ya miƙa gawayin.