Ƙorafi Kan Marin da Aka Tilasta wa 'Yata Ta Yi a Ajin Ces

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Kula da Makarantun Firamare,
Ofishin Ilimi na Gunduma.

Daga:
Kafinta, shagon ƙarshe a layin 'yan katako.

17 ga Maris

Game da: Dukan yara da hannun yara a ajin wasan ces na bayan tashi daga makaranta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ladabi, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka.

1. Na sa 'yata mai shekara goma, da ɗan marigayi ƙanena da nake riƙo, a ajin ces, wato darar Turawa, na makarantarsu. Ni ban yi boko ba, a jikin jaridun da ake ƙunshe ƙusa na koyi karatu. An ce wasan na koya wa yaro tunani kafin ya miƙa hannu, na kuwa ga alama: lissafinta ya gyaru, shi kuma ya rage gaggawa. Allunan wasan ma ni na yi musu kyauta.

2. Ashe malamin ajin ya kafa doka: wanda ya ci wasa zai mari wanda ya faɗi a gaban sauran yara. In marin bai yi ƙara ba, malam ya mare su duka biyun da nasa hannun.

3. 'Yata ta fi kowa iyawa. Da ta ga kowace nasararta a kuncin wani take ƙarewa, sai ta koma ba da sarauniyarta ta kan allo da gangan, don a cinye ta. Ta zaɓi a mare ta. Tana dawowa da shatin yatsu, ta ce ƙofa ce ta buge ta.

4. Ranar Talata 4 ga Maris malamin ya gano da gangan take faɗuwa. Ya haɗa ta da ɗan'uwanta, ya tsaya a kanta da bulala, duk kuskuren da ta yi ya zabga mata a bayan hannu, har ta ci. Sannan ya sa ta mare shi sau uku, don biyun farko ba su gamsar da shi ba. Na uku a kunne ya sauka. Jini ya jiƙa wuyan rigarsa. Likita ya ce dodon kunnen hagu ya fashe.

5. Shugaban makaranta ya kira abin faɗan yara, ya dakatar da 'yata, ya ce kwamiti zai zauna ranar 24 ga wata kan korarta. Malamin na nan yana koyarwa. Ranka ya daɗe, in doki ya ci soja a kan allo, dokin ake tuhuma ko mai tura shi?

6. Ba zan ɓoye ba, washegarin marin na je ƙofar makarantar da guduma a cikin riga. Na ga malamin, na san daidai inda zan sauke ta. Ba tsoro ya dawo da ni ba, wata tambaya ce: in na wanke hannun 'yata saboda turo shi aka yi, nawa da ba wanda ya turo, da me zan wanke shi?

Saboda haka ina roƙo cikin ƙanƙan da kai: a dakatar da zaman korar, a wanke sunan 'yata a rubuce, a cire malamin daga cikin yara, makaranta ta ɗauki nauyin jinyar kunnen. Kada a rufe ajin, wasan bai mari kowa ba.

Ina roƙon a hanzarta. Yaran nan kwano ɗaya suke ci. Tun ranar ba ta ɗaga ido ta dube shi ba, shi kuwa kullum sai ya juyo mata da kunnen dama, ko za ta yi magana.

Allah ya ƙara girma. Na gode.

Naka cikin biyayya,
Kafinta,
mahaifin yarinyar, mariƙin yaron.