Wurin da Dogo Ya Kankare

Asabar, 1 ga Maris

Ta yi rawa! Kurciya ta yi rawa a cikin motata! Don murna rubutun duk ya karkace, malamin ajinmu na yamma na koyon rubutu da ya gani sai ya ce in sake. To ba zan sake ba.

Shekararta shida, jikata ta fari, kuma tun da aka haife ta kiɗa bai taɓa ce mata komai ba, don ba ta ji. Na'urar da aka sa mata a kunne bara tana kawo mata magana kaɗan-kaɗan, shi ke nan. Malamarsu ce ta ce irin waɗannan yara da jiki suke jin ganga. Shi ya sa na kai motar wurin Dogo mai wayarin, ya sa mini babbar sifika cikin akwati a but, da amfilifaya mai ba ta ƙarfi. Yau muka ɗauko. Na kunna, kujerar baya ta fara girgiza, yarinyar ta dafa ta da tafin hannu biyu, ta zaro ido. Sai kafaɗa ta fara tafiya. Ta ce, "Kaka, dum dum!" Sau uku muka zagaya unguwa. Tsohuwar gidan, matata, ta ce ta ga ina share ido. Ƙarya ne, gumi ne.

Lahadi, 2 ga Maris

Na ɗaga kafet ɗin but don in share, na ga ɓarnar da Dogo ya yi. Inda ya ɗaura baƙar waya a jikin mota, ya kankare fenti har ƙarfe, faɗin bakin kofi, ya bar shi tsirara. Shekara talatin da takwas ina fentin mota ban taɓa barin ƙarfe haka ya kwana ba. Ruwa ɗaya ya shiga, tsatsa ce. Yaran yanzu, aiki sai sauri. Na kwance notin, na goge, na sa shafin fari, na bi da fenti hannu biyu, da ya bushe na mayar masa da wayarsa na ɗaure tam. Ba zan ma gaya masa ba, kada ya ji kunya.

Litinin, 3 ga Maris

Ranar banza.

Na ɗauke ta zuwa makaranta kamar kullum, uwarta na gaba za ta sauka a hanya. Na kunna rediyo, ina taka mai yarinyar ta ƙwalla ihu, ta fizge na'urar daga kunne ta jefar ƙarƙashin kujera. Surukata ta ce, "Baba, kashe! Ba ka jin ƙarar nan?" Wace ƙara? Ta ce kamar kukan sauro, siriri, in na taka ya hau, in na saki ya sauka. Ni ban ji komai ba. Na ce babu wata ƙara. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa tsoho. Gara ta zage ni.

Talata, 4 ga Maris

Kurciya ta ƙi shiga motar. Na nuna mata rediyon a kashe yake, ta maƙale a ƙafar uwarta. A motar maƙwabci aka kai ta. Ni ina tsaye da makulli a hannu kamar maigadi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je wa Dogo. Ban yi sallama mai tsawo ba. Ya tayar da injin, ya taka, ya yamutsa fuska. Ya ce ƙarar injin caji ce take bin waya tana fita ta sifiku, kuma na'urar kunnen yarinyar ƙara ta take yi ninki. Sai ya ce wai shi lafiya lau motar ta bar hannunsa. "Baba, ka taɓa wani abu?"

Ni! Ni zan taɓa masa tarkacen wayoyinsa? Na ce ban san ja ba, ban san shuɗi ba, aikinka ne ya lalace. Ya zura hannu ƙarƙashin kafet ya girgiza notin, ya ce wannan a ɗaure yake, wai shi ya ɗaura shi da kansa. Ya ce in bar motar zuwa gobe. Na ce in bar maka ka ƙarasa ta? Na ja abata.

Abin da ya fi ci mini rai, a gaban mutane ya ce, "Ai ba laifinka ba ne da ba ka ji, ƙarar kwamfaresar fesa fenti ta cinye maka kunne." Wa ya tambaye shi?

Juma'a, 7 ga Maris

Wani mai shago ya ba ni ɗan ƙaramin akwati baƙi, wai maganin ƙara, a jona tsakanin rediyo da amfilifaya. Na jona. Da yake ni ba na ji, na sa tsohuwar gidan ta zauna a baya ta zame mini kunne. Na taka, ta ce, "Sauron yana nan." Na sake takawa, "Yana nan, Malam, sai dai ya rame." Gangar kuma ta mutu, kujera ba ta ko motsi. To ina amfanin? Na cire na wurga a kwandon shara. Ta ɗauko ta ce za ta danne murfin tukunya da shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ɗana ya zo da maganarsa a shirye. Wai sun yi shawara shi da matarsa. Yarinyar kwana biyu tana ƙin sa na'urar ko a gida, tana tsoron sauron ya dawo, kuma in ta daina sawa maganar da ta fara koya za ta zube. Nan da Lahadi mai zuwa, in ƙarar ba ta tafi ba, a cire komai, kuma ko an cire ba lallai ta koma motata ba sai ta manta.

Na ce ni na haife ka ko kai ka haife ni? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, 'yata ce." Sai na yi masa faɗa a kan tayar motarsa da ta suɗe.

Shekara biyu ni nake kai ta. Ni nake riƙe mata jaka. A madubi take karanta bakina.

Litinin, 10 ga Maris

Ban je aji ba. Me zan koya.

Laraba, 12 ga Maris

Wani tsohon abokin aiki ya ce wayar sauti da wayar wuta ba sa bin hanya ɗaya. Yini guda na kwance kujeru, na ɗaga kafet daga gaba har baya. Ashe Dogo ya raba su tun farko, ta wuta ja a dama, ta sauti a hagu, kowace a naɗe da tef. Wannan ma ya ba ni haushi. Na kai injin caji aka gwada, lafiyarsa ƙalau. Kan batir na wanke shi har yana ƙyalli. Tsohuwa ta hau baya: "Yana nan." Ta ce ta gaji da zama alƙalin sauro, ƙugunta ciwo yake, in ajiye girman kai in koma wa yaron. Na ce wane girman kai? Ta ce wanda na aura.

Juma'a, 14 ga Maris

Kurciya ta leƙo ta taga tana kallon motar. Na ɗaga mata hannu. Ta ɗaga, amma ta toshe kunne da ɗaya hannun.

Asabar, 15 ga Maris

Na koma wurin Dogo. Don saura kwana ɗaya ne, ba don komai ba.

Bai yi mini gori ba, wannan zan rubuta masa. Ya ɗauko wata waya mai kauri ya taɓa daga amfilifaya zuwa wani ƙarfe na daban, ya ce a taka. Ya ce ƙarar ta ɗauke. Sai ya yaye kafet ɗin gaba ɗaya, ya haska fitila a kan notinsa. Ya daɗe yana dubawa. Ya shafa wurin da yatsa. Ya ce, "Ikon Allah. Baba, ina wurin da na kankare?"

Na ce ni ina na sani.

Ya ce ko kamfanin da ya ƙera motar ba zai haɗa kala haka ba, babu gaɓa, babu tudu, mutum ɗaya ya sani a garin nan mai wannan hannun. Wuta, in ji shi, ta baƙar wayar nan take komawa jikin mota, kuma ba ta ratsa fenti. Da ta sami ƙofa a rufe sai ta bi wayar sauti, ta kwaso kukan injin ta kawo.

Na ce to ai da sai ka faɗa wa mutum! Ka bar ƙarfe tsirara ba bayani? Ya ce, "Gaskiya ne, Baba, laifina ne." Yana faɗa yana cije leɓe. Na gani.

Ya ɗauko samfefa. Na karɓe. Ba wanda zai kankare fentina sai ni. Hannu biyu da shafin fari, mai kyau, haka na ci shi har ƙarfe ya fito fari. Ya ɗaura wayar, sannan ya ce in shafe saman da giris don tsatsa. Giris! Ni da giris a kan jikin mota. Na shafa.

Lahadi, 16 ga Maris

Da safe na sa su duka a mota ban da ita: tsohuwa, ɗana, surukata. Na taka har injin ya yi kuka. Surukata ta karkata kai ta daɗe, ta ce, "Babu, Baba." Ɗana ya tambayi me ya lalace. Na ce wata 'yar matsala ce a baya, an gyara. Tsohuwa ta yi tari.

Kurciya ba ta yarda ta shiga ba da farko. Na buɗe but, na kunna a hankali, na bar ta ta dafa akwatin daga waje, ƙafarta a ƙasa. Uwarta ta sa mata na'urar. Na tayar da injin. Ta ƙanƙame ido tana jira. Na taka. Ta buɗe ido ɗaya. Sai ta zagaya da kanta ta ja ƙofar baya, ta hau, ta buga bayan kujerata: "Kaka, tafi!"

Gobe ƙarfe bakwai ni zan kai ta.

Na wuce ta wurin Dogo na bar masa ragowar fentin, ƙofar shagonsa duk ta kwaile, abin kunya. Na ce ranar Laraba zan zo in shafa masa, in ya ga dama ya nuna mini inda ba a taɓawa.

Wurin nan a but har yanzu muni gare shi. Na rufe da kafet. Ba wanda zai ɗaga.

Amma kujerar baya, wannan kowa ya zo ya gani. Maƙwabci da motarsa, malamin aji, 'yan ajinmu duka, malamarsu, har Dogo. Ku zo da yamma in an taso makaranta, motar tana ƙofar gida, ku ga yadda kafaɗar nan take tafiya.