Wanda Ya Tsaya Mini a Gure

Zuwa ga Yaya Habsu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya matata Biba da nauyin jiki?

Lafiyata lau. Raƙumin wani ne ya ɓace, gardin kumandan ya kama ni don ni baƙo ne, na yi kwana uku a kaso. Sai mai masaukina, Malam Inusa, ya je ya tsaya mini.

Ji abin mamaki: an sake ni, amma ba a sallame ni ba. Kullum sai gardi ya ga fuskata, har a gama bincike. Na tambayi tafintan kumandan, in na gudu fa? Ya ce tsohon za a rufe.

Ga hanyar Damagaram a buɗe, kallonta kawai nake yi. In Biba ta sauka, kada ku jira ni. In namiji ne, a sa masa Inusa.

Ƙanenki,
Ɗan Talata