Wankan Gwaggo Asibi

Madabo, Kano
Laraba, 6 ga Safar

Zuwa ga Yaya Tanko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan'uwa na Agege. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo Asibi, ya haskaka kabarinta.

Na zaɓi takarda ne domin a waya kana katse ni da cewa ƙaddara ce, alhali akwai abin da ya wajaba ka sani. Shekara tara ke nan da Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce idan ta cika ni zan yi mata wanka. Shi ya sa da ka sanar da ni rasuwarta ranar Lahadi na nufi filin jirgi ko karyawa ban yi ba.

Ƙarfe tara muka shiga jirgi, aka rufe ƙofa, bai motsa ba. Cikin ma'aikatan sai ga Luba, 'yar maƙwabciyata, wadda ta sauke Alƙur'ani a hannuna. Na gaya mata gawa ce take jirana a Legas, na roƙe ta gaskiya. Ta rusuna kamar yadda ta saba, ta ce saura minti ashirin mu tashi. A kan maganarta na kira ka na ce a dakata da jana'iza.

Sau biyar na tambaye ta, sau biyar na kira ka. An kashe na'urar sanyi, jarirai suna ta kuka, wani dattijo mai ciwon suga ya nemi a bar shi ya sauka aka hana. Da mutane suka fara hayaniya, ni na miƙe na ba su haƙuri, na ce yarinyar nan ba ta ƙarya, tarbiyyata ce. Bayan la'asar aka sauke mu, wai an soke tafiyar.

Awa bakwai mahaifiyarka tana kwance cikin zafi saboda ni, ni da nake karantar da mata cewa gaggauta jana'iza sunna ce. Ina tuhumar kaina: alkawarin nake karewa, ko so nake a ce Hauwa ce ta wanke ta? Har yau ban sami amsar da ta kwantar mini da rai ba. Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Nana Hauwa

Madabo, Kano
Asabar, 23 ga Safar

Yaya Tanko,

Sallama irin ta Musulunci, da fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso, na gode da yafiyarka. Ka isar da godiyata ga matan unguwar da suka yi wa Gwaggo wanka.

Jiya Luba ta zo. Ta ce tun kafin mu hau sun san injin ya lalace, kuma mai gyaran sai ya taso daga wani gari. An umarce su da su riƙa cewa minti ashirin don kada fasinjoji su watse, wadda ta saɓa kuwa a bakin aikinta. Na san aikin nan shi ke riƙe da gidansu. Amma ban nemi ta yi shela ba, Yaya. Da ta girgiza mini kai sau ɗaya, da an rufe Gwaggo kafin azahar. Ta yi kuka, na ce na yafe. Harshena ne ya faɗa, ina roƙon Allah zuciyar ta biyo baya.

A bara na rubuta wasiyyata, na sa sunan Luba a matsayin wadda za ta wanke ni, domin ni na koya mata. Yau da safe na goge shi, ban kuma sa na kowa ba. Kai ne babbanmu yanzu, don haka ka shaida: ranar da na cika, duk matar da take kusa ta wanke ni, a kai ni makwancina. Kada a jira kowa.

Ka gaida mutan gida. Allah ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarka,
Nana Hauwa