Ba Zan Kori Ilu Ba, Sabi'u

Zuwa ga ƙanena, marigayi Dakta Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ka san ni da biro ba mu saba ba. A aji uku na sakandare na ajiye littafi na shiga dako a kasuwar Rogo, kai ka ci gaba har ka zama masanin tattalin arziki, kana bin ƙungiyoyin ma'aikata kana rubuta halin da suke ciki. Yau ina da injin ɓarar gyaɗa biyu da mota, kuma ban da Allah ba wanda ya ɗaga ni.

Ka tuna ranar da ka zo da takardunka kana tambayar 'yan dako awa nawa suke aiki? Ilu, wanda muka fara dako tare, ya ce, "Dakta, mu buhu muka sani, awa sai masu agogo." Aka yi ta dariya, kunya ta kama ni. Kai kuwa ka tuɓe riga ka ce a ɗora maka ɗaya. Taku uku ka zube. A nan ka ga yadda dillalai ke ɗinka wa buhu hula, a ƙara masa tsawo da ƙyalle a danna gyaɗa, lada kuwa na buhu ɗaya.

Ka yi ta yawo da sikeli kana auna buhuna daga kasuwar Fulatan har ta Yammedi, ina ce maka aikin banza. Ka yafe mini.

To, bana Ilu ya haɗa kan 'yan dako, sun ce ba mai sake ɗaukar buhu mai hula. Shi bayansa ya riga ya tafi, a zaune yake salla. Dillalai suka aiko mini: ko in kore shi da mutanensa daga harabata, ko su kai gyaɗarsu wani injin. Ga kaka ta kama.

Su kai. A gaban kowa na gaya musu. Wuyan nan nawa ya san wannan buhun tun kafin wasunsu su iya ɗaura wando.

Yau kwana huɗu ko injin ɗaya bai tashi ba. Ban nuna wa kowa komai ba, amma kai zan gaya maka, Auta: da wuya. Da kana nan da ka zauna kusa da ni a kan benci.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sauke maka duk wani nauyi. Ni kuma ya ba ni ƙarfin wuya zuwa ƙarshen kakar nan. Amin.

Yayanka,
Garba Mai Inji